Garkuwa Da Tsaro: Wa Ke Biyan Kuɗin Fansar?

Wannan shi ne jawabin da na yi a zaman matasan ɓangarenmu na Zamfara ta Arewa da muka yi a Ƙaura Namoda. 'Yan'uwa da yawa daga Shinkafi da Zurmi ba su samu zuwa ba saboda halin da hanya ke ciki, shi ya sa na zauna na rubuta shi kamar yadda na faɗe shi, domin kowa ya karanta.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da iyalansa da sahabbansa.



Da aka sanar da abin da zan yi magana a kai, wani daga cikin iyayenmu ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, mu da ba mu iya zuwa gona, mi ya kai ka ga zancen ƙasashen waje?" Na ce masa, Baba, a yi mini haƙuri a saurare ni. In na gama ba a ga inda zancen ya haɗu da gonarmu ba, na yarda a tsayar da ni. To yanzu ma haka nake roƙonku.

Bari in fara da kalma guda. Kakanninmu in sun ce garkuwa, fatar nan suke nufi da jarumi ke riƙewa a hannu ta tare masa kibiya da mashi. Abin alfahari ce, har sarauta ake naɗawa da sunanta. Amma yau a Zamfara in ka ce "garkuwa", gaban mutum faɗuwa yake yi, domin abin da ya sani shi ne an ɗauke wani, an kira waya, an faɗi kuɗi. Kalma ɗaya ce, amma ta tashi daga abin da ke kare ka ta koma abin da ake tatsar ka da shi.

Abin da nake so mu gane shi ne, gwamnatoci ma suna yin irin wannan. Ƙasa za ta yi wa maƙwabciyarta ko ƙawarta alkawarin soja: mu yi sintiri tare, in ba ki bayanan sirri, in sayar miki da makamai, in an taɓa ki an taɓa ni. Sai ranar da suka saɓa a kan wani abu daban, siyasa ko kasuwanci ko girman kai, sai ɗaya ta ce, ko ki yi abin da nake so ko in janye sojana. Masu ilimin diflomasiyya suna da sunaye masu daɗi da suke kiran wannan. Ni dai ɗan Zamfara ne, sunansa a wajena garkuwa da tsaro. Kuma tambayar da nake so kowa ya riƙe har mu tashi ita ce: in an yi irin wannan garkuwa, wa ke biyan kuɗin fansar?

Ku dubi inda Allah Ya ajiye mu. Ka tashi daga nan Ƙaura ka bi ta Dauran ka shiga Zurmi, ka wuce Gurbin Bore, ka kusa taka ƙasar Nijar ke nan. Ka bi ɗaya hanyar zuwa Shinkafi, ka wuce Isa da Sabon Birni, nan ma Nijar ce a gabanka. Dajin Dumburum da ya hana mu barci, da dajin Baban Rafi da ke kudu da Maradi, a kan taswira ne kawai suke ƙasa biyu. Ɓarawon da ya kora shanu daga Moriki ba ya tsayawa a buga masa hatimi a fasfo. In soja ya matsa masa a nan ya tsallaka can, in an matsa masa a can ya dawo nan. Maganinsa guda ne: a ce lokacin da aka koro shi daga wannan gefen, akwai mai jiransa a wancan gefen.

An taɓa gane haka. A watan Satumba na 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara, wato Aminu Bello Masari da Aminu Waziri Tambuwal da Bello Matawalle, sun tafi Maradi takanas, suka zauna da gwamnan jihar na lokacin, Zakari Oumarou, a kan tsaron iyaka. A wannan shekarar ce kuma dubun-dubatar mutanenmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suka gudu zuwa yankin Gidan Runji da Madarunfa. Mutanen can suka karɓe su a gidajensu tun kafin a tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Ni kaina ina da gwaggo da ta yi fiye da shekara a can da jikokinta. Ta ce mini matar da ta sauke su raba ɗaki ta yi da su, ba ta taɓa tambayar ta ranar tafiya ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai ranar 26 ga Yuli, 2023, sojojin fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Kwana huɗu bayan nan, ranar 30 ga Yuli, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin Nijar mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana.

Kun tuna yadda hankalin Arewa ya tashi a makonnin nan. Sanatocin Arewa suka fito suka ce jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, kuma in aka harba harsashi su zai fara samu. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan zuwa yaƙi. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka tafi Yamai. Malamanmu ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka tafi, suka zauna da Tchiani. Alhamdu lillahi ba a yi yaƙin ba.

Amma jama'a, rashin yin yaƙi ba ya nufin ba a yi asara ba. Sojan Najeriya da na Nijar da suke kiran juna a waya in sun ga motsi a daji, rana ɗaya aka wayi gari an ce su shirya wa juna. Wa zai ba ka bayanin sirri alhali an ce gobe kai za ka kawo masa hari? Sintirin haɗin gwiwa ya tsaya.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce, kuma ba zancen 'yan adawa ba ne. A watan Nuwamba na 2024, da maganar Lakurawa ta fito fili a Sakkwato da Kebbi, mai magana da yawun Hedikwatar Tsaro a lokacin, Manjo Janar Edward Buba, shi da bakinsa ya shaida wa 'yan jarida cewa kafin juyin mulkin akwai aikin haɗin gwiwa da sojojin Nijar a kan iyaka wanda ke tare waɗannan mutane, kuma da haɗin gwiwar ya lalace ne suka samu ƙofar shigowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To wa ya tsaga bangon? Ba manomin Kware ba ne, ba mai sayar da albasa a kasuwar Shinkafi ba ne.

Rufe iyakar kuma wa ya hana wucewa? Duk wanda ke cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san rabon Maradi a cikinta, dabbobi su shigo, hatsi da kayan masarufi su fita. Fiye da wata bakwai motoci na jibge a Jibiya da Illela, kaya na ruɓewa. Mai gaskiya da ke bin titi da takardunsa shi aka tare. Mai bindiga da ke bin daji a kan babur, shi dama can ba ta ƙofa yake bi ba. Wato an rufe wa ɗan kasuwa ƙofa, an bar wa ɓarawo taga.

To me aka samu? A watan Fabrairu na 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyaka aka mayar da wuta. Bazoum na nan tsare inda yake. Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun kafa nasu ƙawancen na AES tun Satumbar 2023, sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. An ɗaga sanda, ba a buga ba, ba a kuma samu abin da ake nema ba. Abin da aka samu kawai shi ne maƙwabci ya daina yarda da kai.

Yanzu bari in juyo ga wasunmu, domin na san akwai masu jin daɗin abin da nake faɗa saboda suna ganin Abuja kawai nake taɓawa. Ina ganin abin da kuke rubutawa a Facebook. Wasu sun sa hoton Tchiani a shafinsu, wasu har yabon waɗanda suka ɗaga tutar Rasha a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024 suke yi. 'Yan'uwana, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa: abin da Abuja ta yi, Yamai ma ta yi irinsa.

A watan Agusta na 2024 Babban Hafsan Tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou, aka sa hannu a kan cewa za a koma aiki tare. Muka ce to madalla. Ba a yi wata huɗu cikakku ba, a ƙarshen Disamba, Tchiani ya fito a talabijin, da Hausar nan da muke ji, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa. Nuhu Ribadu ya mayar masa da martani, shi ma da Hausa, ya ce ba gaskiya ba ne. Sai kuma a ƙarshen Maris na 2025 Nijar ta sanar da janye sojojinta daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, wadda ake kira MNJTF, ta ce za ta mayar da hankali ga tsaron wuraren man feturinta. Rundunar nan hedikwatarta na Njamena, an kasa ta shiyya huɗu, ɗaya daga ciki a Diffa take. Kada mu manta, a 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka tsallako suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram. Wannan shi ne amfanin maƙwabci. In ya janye, mutumin Diffa da mutumin Damasak ne za su kwana da ido biyu, ba wanda ke fadar Yamai ba.

Saboda haka ni ba na cikin masu tafi in Abuja ta murɗe wa Yamai hannu, ba na kuma cikin masu tafi in Yamai ta rama. Duk wanda ya ci a wannan kokawa, a gonarmu ake yin ta.

Kuma kada ku zaci mu kaɗai ne. Halin duniya ne, manya sun fi mu iya shi. Ga Chadi. A watan Satumba na 2017 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka. Makonni kaɗan bayan nan Chadi ta kwashe ɗaruruwan sojojinta daga yankin Diffa. Ba ta fito ta ce ramuwa ce ba, amma kowa ya karanta saƙon. A watan Afrilu na 2018 Amurka ta cire sunan Chadi. A Nuwambar 2024 ma, bayan an kashe sojojinsa kusan 40 a Barkaram, Shugaba Mahamat Déby ya yi barazanar fita daga MNJTF yana cewa an bar masa kayan shi kaɗai.

Ga Amurka da Nijar. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, tana da soja kusan 1,000 a ƙasar. Da aka yi juyin mulki ta dakatar da taimakon soja don ta matsa wa su Tchiani. Su kuma suka ce to tunda abin ciniki ne, mu ma muna da abin sayarwa. A watan Maris na 2024 suka soke yarjejeniyar, a Afrilu masu horarwa na Rasha suka sauka a Yamai, kafin ƙarshen Satumba sojan Amurka ya fice. Faransa dama ta riga ta kwashe nata tun Disambar 2023.

Mu ma an yi mana. A 2014, lokacin da Boko Haram ke cin garuruwa, Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, bisa hujjar take haƙƙin ɗan Adam. Najeriya ta fusata ta dakatar da horon da Amurkawa ke ba wata bataliyarmu. Jiragen Super Tucano guda 12 da kuke jin labari, an jinkirta cinikinsu bayan kuskuren da jirgin sojanmu ya yi a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017. Daga baya aka biya dala miliyan 496, suka iso a 2021. Da suka iso ɗin ma, kun tuna ce-ce-ku-cen da aka yi kan ko ya halatta a yi amfani da su a kan ɓarayin dajinmu, har sai da kotu a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a Nuwambar 2021, gwamnati ta buga a gazet a Janairun 2022. Jirgi naka, kuɗi naka, amma akwai igiya a ƙafarsa, bakin igiyar kuma yana hannun wani.

Har Turawan da muke gani kamar sun fi ƙarfin wannan, ba su tsira ba. A Fabrairun 2024 Donald Trump ya tsaya gaban magoya bayansa ya ce ƙasar NATO da ba ta kashe abin da ya kamata a kan tsaro, ba zai kare ta ba in Rasha ta taɓa ta. A Maris na 2025, bayan sa-in-sar da ya yi da Shugaba Zelensky a fadarsa, ya dakatar da tura wa Yukren makamai da bayanan sirri na wasu kwanaki, ana tsakiyar yaƙi. In ana yi wa Turai haka, mu su wa?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce, to shugaban matasa, so kake a bar soja ya ƙwace mulki a yi shiru? Ai in ba a tsawata a Yamai ba, gobe sai a kwaikwaya a wani wuri. Gaskiya ne. Ni ɗan siyasa ne, da ƙuri'a nake neman abin da nake nema, ba zan taɓa yabon wanda ya hau mulki da bakin bindiga ba. Kuma na yarda babu ƙasar da ke hulɗa da duniya hannu sake, dole ka riƙe wani abu da za a ji tsoronka saboda shi.

Amma abin riƙewa iri-iri ne. Kana iya hana janar-janar ɗin da iyalansu biza. Kana iya rufe musu asusun banki. Kana iya hana su kujera a taro. Duk waɗannan wanda ya yi laifin suke taɓawa. Sintirin kan iyaka kuwa ba alfarma ba ce da muke yi wa Nijar har da za mu ce mun janye don ta ji a jikinta. Mu ma shi ke kare mu. Mutumin da katangarsa ɗaya da maƙwabcinsa, in suka yi faɗa ya ce zai rushe katangar don ya hukunta shi, gidan wa ya buɗe?

Hatta wutar lantarkin nan akwai tarihi a bayanta. Kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso Kainji. Shekara da shekaru fahimtar da ke tsakani ita ce mu ba su wuta, su kuma kada su tare mana ruwa. Ranar da ka nuna wa mutum cewa kana iya kashe masa wuta duk sadda ka ga dama, ka ba shi dalilin da zai ƙara ƙaimi a kan madatsar ruwansa ta Kandaji. Kowace igiya baki biyu gare ta.

Iyayenmu da suka san tarihi za su gyara mini in na yi kuskure. Mu a ƙasar nan ba yau muka fara ganin abin da dogaro da takobin wani ke jawowa ba. Sarakunan Zamfara na dauri sun sauki mayaƙan Gobir a ƙasarsu, suka zauna a Alƙalawa. A tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, baƙin nan suka ci Birnin Zamfara. Ba tonon silili nake yi ba, yau Zamfarawa da Gobirawa mun zama abu ɗaya, mun yi auratayya, a ɗakin nan ma ba mai iya raba mu. Darasin nake so. Su kansu Lakurawa, mutanen yankin Tangaza da Gudu za su gaya maka da farko a matsayin masu kawo ɗauki a kan ɓarayi aka karɓe su. Yau su ke karɓar zakka da bulala. Duk wanda ya zo da bindigarsa don ya tsare ka, wata rana zai faɗi farashinsa.

Matasan da suka gabace mu sun gane wannan. Da aka ba Najeriya 'yanci a 1960 an ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila. Ɗalibai suka fito suka ce ba su yarda ba, har gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta soke ta a Janairun 1962. A watan Mayu na 2024 ma wasu manyan malaman jami'a da 'yan gwagwarmaya na Arewa, cikinsu har da Farfesa Attahiru Jega, sun rubuta wa shugaban ƙasa buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa kada a yarda a kwaso sansanonin Amurka da Faransa da aka kora daga Sahel a kawo su Najeriya. Gwamnati ta ce babu wannan maganar. To mu dai idonmu biyu.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ɓangarenmu ya ɗauka a matsayin matsayarsa, a rubuce, kuma duk wanda zai zo neman ƙuri'armu don zuwa Abuja, ko namu ne ko na wasu, mu ajiye masa a gabansa.

Na ɗaya, a ƙulla yarjejeniya tsakanin Najeriya da Nijar a kan tsaron iyaka wadda rigimar siyasa ba ta dakatar da ita. Ko farar hula ke mulki ko soja, ko ana gaisawa ko ba a yi, kwamandan da ke Zurmi ya iya kiran na Madarunfa. A kai ta Majalisar Tarayya ta zama doka, kamar yadda sashe na 12 na tsarin mulki ya tanada, don kada mutum ɗaya ya tashi da fushi ya soke ta. Ba sabon gini za a fara ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, ofishinta na Yamai. Ministan Harkokin Waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je can a Afrilun 2025 an yi maganar farfaɗo da ita. To mu gani a ƙasa.

Na biyu, kada a sake rufe iyaka ko a yi barazanar yaƙi da maƙwabci ba tare da an ji ta bakin jihohin da abin zai faɗa wa ba, gwamnoninsu da sarakunansu da 'yan kasuwarsu. Tsarin mulki a sashe na 5 ya ce ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa. Ke nan sanatan da muke zaɓa yana da baki a wannan magana. Mu tambaye shi tun yanzu: in ranar ta sake zuwa, ina za ka tsaya? Irin zaman Maradi na 2019 kuma a mayar da shi abin yi a kai a kai, ba sai an yi gawa ba.

Na uku, duk wata yarjejeniyar soja da za a ƙulla da wata ƙasa, Amurka ce, Faransa ce, Rasha ce, Turkiyya ce ko Sin, a karanta sharuɗɗanta a gaban majalisa. Ba mu ce kada a sayi makami ba, ba mu ce kada a karɓi horo ba. Cewa muka yi mu san tsawon igiyar kafin a ɗaura mana ita.

Na huɗu, kuma shi ne uwa uba, mu tsaya da ƙafarmu. Zanen aro ba ya rufe katara. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi suna buƙatar jami'an da za su zauna dindindin, ba waɗanda za su zo bayan an gama ɓarna su koma ba. Ƙasar da ta iya tsare dajinta ita ce ke zama teburin ciniki ba a raina ta.

Kafin in zauna, akwai wadda ta fi kusa da mu, kuma in ban faɗe ta ba na ci amanarku. Garkuwa da tsaron nan ba a tsakanin ƙasashe kaɗai ake yin ta ba. A cikin gida ma muna yi. Sau nawa muka ji ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce, ku zaɓe mu mu kawo muku soja? Me hakan ke nufi ga garin da bai zaɓe shi ba? Sau nawa aka kai hari, kafin a binne mamatan mun riga mun hau waya, wannan na cewa laifin jiha ne, wancan na cewa laifin tarayya ne, kowa na lissafin ƙuri'ar da zai samu? Ban cire jam'iyyarmu ba, ban cire ɓangarenmu ba, ban cire kaina ba. In mun ce haramun ne Abuja da Yamai su yi ciniki da ran mutumin Zurmi, to mu ma haramun ne a kanmu.

Don haka 'yan'uwana matasa, musamman ku da ke riƙe da shafukanmu, ina roƙonku abu biyu. Kada wanda ya sake zagin mutanen Nijar da sunan kare gwamnati ko jam'iyya. Ku tuna da matar da ta raba ɗaki da gwaggona, kowannenku yana da irinta. Kuma kada wanda ya sake yi mana tallan wata ƙasar waje a matsayin mai ceto. Wanda ya ga an kai hari a garin da ba namu ke da rinjaye ba, ya yi jaje kamar gidansu ne, domin gidansu ne.

Baba da ya tambaye ni me ya kai ni zancen ƙasashen waje, ga amsata. Ranar da aka zauna a Abuja aka ɗaga hannu, da ranar da aka zauna a Yamai aka rama, babu ɗan Shinkafi ko ɗan Zurmi ko ɗan Ƙaura a ɗakin. Amma da aka zo biyan kuɗin, ƙofarmu aka ƙwanƙwasa. Mun biya da shanu, mun biya da gonakin da suka koma saura, mun biya da 'yan'uwan da muka binne. In dai mu ne masu biya, to dole a ji bakinmu kafin a yi cinikin.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Waɗanda ke hannun ɓarayi Allah Ya kuɓutar da su. Jami'an tsaronmu da ke kwana a daji, na nan da na ƙetaren iyaka, Allah Ya tsare su Ya ba su nasara. Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya zaunar da Najeriya da Nijar lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.